Ranar da Na Kai Baba Gun Gwaggo a Babur

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tun da aka yi mata aure take zaune a wani ɗan ƙauye can bayan Boko, a ƙasar Kusada, mu kuwa muna Kankiya. Wata safiya a tsakiyar damina aka bugo mana waya cewa jikinta ya yi tsanani, ta daina cin abinci, kuma tana ta tambayar autansu, wato Baba.

A lokacin ƙafafun Baba sun yi nauyi, ko masallacin ƙofar gida da sanda yake zuwa. Mota kuwa ba ta shiga ƙauyen sai ruwa ya ɗauke.

Na ce, "Baba, a bari ni in je in gano ta, in ya so in dawo da labari."

Ya dube ni ya ce, "Kai ta kira? Fito da mashin ɗin."

Sana'ata sayen hatsi ce a kasuwannin ƙauye, don haka ban rasa jakar kayan gyara ba. Amma Baba ya ce sai na zazzage ta a kan tabarma ya gani da idonsa. Shi ma ya yi ƙuruciyarsa yana yawon tallan yadi a keke, ya san abin da hanya take yi wa mutum. Ga famfo, ga faci da gam, ga sifanu da filaya da sukundireba, ga ƙarafan ɓanɓare taya guda biyu. Akwai sabon fulogi a cikin kwalinsa, da 'yar waya, da dogayen robobin da nake yanka daga tsohon tub don ɗaure kaya. Ya ɗauki gam ɗin ya matsa, ya tabbata bai bushe ba. Sannan ya sa na ƙara kwalbar fetur da gorar ruwa. Mahaifiyata ta ninke bargo ta shimfiɗa a kan sirdi, ta kawo zane na ɗaure shi a bayana saboda kada ya zame.

Har Kusada lafiya lau. Bayan Boko ne hanya ta tsuke ta koma ɗan sawu a tsakanin gero da dawa, ganye na dukan mu a fuska, taya na nutsewa a taɓo. Da muka iso rafi ruwa ya kai gwiwa. Na kwance zanen, na goya Baba na ƙetare da shi, na ajiye shi a kan wani dutse. Ban taɓa sanin ya rame haka ba sai da na ɗauke shi. Na koma na turo babur. Da na buga ya ƙi tashi, ruwa ya taɓa fulogi. Na kwance shi na sa sabon, ya kama.

Ba mu yi nisa ba na ji bayan babur na lilo. Ƙayar aduwa ce ta shige tayar baya har gindinta. Babu gida kusa, babu kowa a gonaki, an tashi sallar azahar.

Na zaunar da Baba a inuwar wata ɗorawa, na kwantar da babur, na ɓanɓare gefen tayar na zaro tub. Na ba shi iska ina neman hujin, na rasa.

Baba ya ce, "Miƙo shi nan."

Ya riƙa juya shi a hankali kusa da kumatunsa, idonsa a rufe, har ya ji inda iska ke hura masa. Ya tofa yawu a wurin, kumfa ta taso. Na kankare wurin na shafa gam, na ɗauko faci zan liƙa.

"Dakata. Bari ya sha iska. In ka liƙa yanzu zai ɗaye mana a gaba."

Muka zauna muna jiran gam. A duk tafiyar ba abin da ya fi mini wuya kamar wannan zaman. Shi ya ce in dakata, amma ina ganin yadda yake murza sandarsa, yana duban hanyar da ta rage. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Sa'ad da ƙyanda ta kama ni, ita ta kwana da ni a bayanta tana zagaya tsakar gida. Ita ma yarinya ce lokacin. Kowa ya fid da rai, ita ta ƙi." Sannan ya ce, "In na tarar an rufe ta, to haka Allah Ya so. Amma ina son in gode mata da bakina. Ban taɓa yi ba."

Na liƙa facin, ya danne shi da babban yatsa har ya kama. Muka yi alwala da ruwan gora muka yi salla a nan gindin ɗorawa, sannan na mayar da tub na buga famfo.

Gab da la'asar muka shiga ƙauyen. Mun tarar da ita kwance a ɗaki, idanunta sun daina gani sosai. Baba ya yi sallama daga bakin ƙofa. Sai ta motsa kai ta ce, "Auta ne?"

"Ni ne, Yaya."

Ya durƙusa a gabanta da ƙyar, ta laluba ta kamo hannunsa ta kai hancinta. "Hannunka warin fetur. Da wannan tsufan ka hau mashin?"

"Ɗanki ya kawo ni."

Ta sa mini albarka. Na fita na bar su. Daga tsakar gida ina jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana magana, sannan na ji ta ce, "Ba ka yi mini komai ba. Ni ma ka yafe mini." Da na leƙa na ga yana ba ta kunu da ludayi, ta kurɓi kaɗan. Surukarta ta ce rabon da ta karɓi wani abu tun shekaranjiya.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, dole muka juyo kafin rafi ya ƙaru. A hanya goshin Baba kawai nake ji a kafaɗata.

Cikin makon nan ta rasu, bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka wuni ana yi. Rafin ya cika ya batse, ba wanda ya iya ƙetarewa daga ɓangarenmu, aka yi mata sutura ba mu. Da na gaya wa Baba, ya yi salati, ya yi mata addu'a, ya ce in shimfiɗa tabarmi a zaure. A nan ya zauna yana karɓar gaisuwa. Yawancin masu zuwa ba su taɓa ganinta ba, don haka duk wanda ya zauna sai Baba ya ba shi labarinta tun daga farko.