Takobin da Kawu Bala Bai Taɓa Zarewa Ba

Duk wanda ya zauna da Kawu Bala a Kankara ya san ɗan yatsan nan nasa. Da ka kama shi da wani abu sai ya ɗaga shi sama, ya lumshe ido, ya ce, "Tsaya! Ba abin da ka gani ba ne." Matarsa, Inna Hajara, ta taɓa ritsa shi yana zuba cokali na uku na sukari a shayi, alhali likita ya hana. Ya ɗaga yatsa. Ta ce, "To me na gani, Malam, gishiri?" Ya ce, "Ke dai ba ki san rufa-ido ba."

Laifina ne, na yarda. Ni na dawo daga karatu a Zariya da wani wasa na zaman tabarma. Mutum ɗaya ke ba da labari, ni ke nan, sauran kowa ya rubuta jaruminsa a takarda, ya riƙa faɗin abin da jarumin zai yi. In abu ya yi wuya sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin: babbar lamba nasara, ƙarama ka sha ƙasa. Na abokan gaba ni nake jefa musu, a bayan wani kwalin sabulu don kada a leƙa. Ba caca ba ce, ko sisi ba a sawa. Duk Asabar bayan la'asar muna gindin dalbejiyar ƙofar gidan Kawu.

Alhaji Isiya mai takin zamani ya zaɓi barde mai gatari. Sani tela ya zaɓi maharbi. Kawu kuwa, tsohon malamin firamare da furfurarsa, ya ce shi mai rufa-ido ne, sunansa Na-Hayaƙi. Ba ya sara, ba ya harbi, sai dai ya sa ka ga ko ka ji abin da babu.

Na ce, "Kawu, ko takobi ka rataya mana."

Ya ce, "Rubuta, Habibu. Amma na yi alkawari, har labarin nan ya ƙare ba zan zare shi ba."

Ni ma da taurin kai irin na gidanmu na ce, "Sai na sa ka zare shi!" Shekara uku muna wannan ja-in-ja.

Kai, na sha wuya! Ranar nan na jera musu dogarai arba'in a ƙofar wani birni. Alhaji Isiya har ya naɗe hannun riga. Sai Kawu ya ce, "Na-Hayaƙi ya ta da walimar suna a bayan ganuwa. Ga tukwane, ga ƙamshi, ga mai shela yana cewa abinci ya sauka." Na jefa, lamba ta ƙi ni. Dogarai suka watse neman ruwan wanke hannu. Don haushi na ce, "Saura ɗaya, shi yana azumi!"

Kawu ko gezau. "Na-Hayaƙi ya faɗar mashi da rana."

Alhaji ya dafe kai. "Haba Malam! Ka karya wa bawan Allah azumi!"

"Ba da gangan ya sha ba, ramuwa kawai zai yi. Mu wuce."

Alhaji ya ce wata shida ke nan gatarinsa bai sari ko karan dawa ba, shi kam gara ya koma shago. Asabar ta gaba ya riga kowa zuwa.

Ga Kawu da ƙin sayen abu! Akuyar Inna ta haɗiye mana ɗan lidon, na ce zan sa a kawo wani daga Kano. Kawu ya ce, "A saya? Ga ƙwallon goruba zube ko'ina?" Mako guda yana sassaƙa da reza. Da ya kawo, Sani tela ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Malam, fuska sha tara ce. Kuma lamba ɗaya ce babu!" Yatsa ya tashi sama. "Ba abin da ka gani ba ne. Ɗayar tana ciki." Da shi muka ci gaba da wasa, tun daga ranar ba wanda ya ƙara jefa ɗaya.

Sau ɗaya na matsa mashi. Na ce, "Kawu, takarda ce fa, wa zai ji ciwo?" Kun san daga Tafoki ya taso da iyalinsa lokacin da zaman ƙauye ya gagara. Ya dube ni, babu yatsa, babu dariya, ya ce, "Na ga na gaske an zare, ɗana. Ya ishe ni." Duk da haka kunyar janye maganata ta hana ni fasawa.

A shekara ta uku ciwon sukarin ya kwantar da shi, muka mai da tabarma gaban gadonsa. Labari ya zo ƙarshe, ni kuma na daɗe da tanadin makamina: wani dodo marar ido, mijin 'yar Sarkin Dutse. Rufa-ido ga wanda ba shi da idon? Dodo ya kayar da barden Alhaji, ya karya bakan Sani. Na ce, "Kawu, saura kai. Takobi na nan a takarda."

Ya ce a ta da shi zaune. "Dodon nan, ka ce yana da aure?"

"Yana da."

"To yana da suruki. Kunnensa fa?"

"Lafiya lau."

Sai Kawu ya yi gyaran murya irin ta manya, ya kumbura wuya, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida!" Ya ce, "Muryar Sarkin Dutse ke nan daga bakin ƙofa. Ka faɗa mani, wane marar kunya ne ke dambe a gaban surukinsa?"

Alhaji ya kife a tabarma don dariya. Na ce, "In lamba ta wuce goma, dodo ya gane ƙarya ce." Na jefa a bayan kwali. Sha takwas! Shekara uku nake jiran wannan lambar. Na ɗago zan yi ihu, sai na ga hannunsa a kan takardar, duk ya rame.

Na ce, "Uku."

Dodo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba," ya sulale ta bayan gida bai ƙara dawowa ba. Sani ya yi ta tafi, Inna ta leƙo tana tambaya ko haihuwa aka yi. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da suka fita ya riƙo hannuna. "Habibu, tsakaninka da Allah, nawa ta bayar?"

Na ɗaga yatsa. "Ba abin da ka gani ba ne, Kawu."

Ya lumshe ido. "Yauwa. Yanzu ka fara iyawa."

Kwana goma sha biyu bayan nan muka kai shi makwancinsa. Takardar Na-Hayaƙi tana wurina, a ƙasa da rubutunsa ya ƙara: takobi ɗaya, sabo ful.

Allah Ka yafe mani ukun nan. Allah Ka jiƙan Kawu Bala, Ka haskaka kabarinsa, Ka nuna mashi Aljanna ta gaske, wadda ba sai ya ɗaga yatsa ba. Amin.