Tarihin Likitan Litinin, Wanda Ba Ya Wuce Ƙofa

Tun bayan rasuwar Likitan Litinin ake yaɗa cewa dabararsa ta raka yaro ƙofar makaranta ya ja ya tsaya, wata hikima ce mai zurfi da ya ɗauko daga manyan masana na ƙasashen waje, har ɗalibai suna rubuta kundi a kanta. Da na ga kowa ya yarda babu mai tari, sai na shiga tambayar iyalinsa.

Haihuwa da Karatu

An haife shi a shekarar 1951 a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, mahaifinsa tela, mahaifiyarsa ungozoma. Ya shiga firamare a 1958, sakandare a 1965. Daga shekara ta biyu ya koma karatu a gida ta gidan waya, yana zana jarrabawa a ɗakin taron gari, har ya sami digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a 1979. Masu yabonsa sun ce hazaƙa ce ta yi masa yawa, aji ya kasa ɗaukarsa.

Aiki

A 1981 aka ba shi ɗaki a ƙarshen barandar asibiti, mai kujeru biyu da fanka mai kuka. Nan iyaye suka riƙa kawo masa matasa masu ciwon cikin da ke tashi da safiyar Litinin ya kwanta da yammacin Juma'a, wanda shi ne asalin laƙabinsa. Bai yarda da bulala ba, bai yarda da allura ba. Yakan saurari yaro har ya amayar da abin da ke ransa, sannan su riƙa takawa tare, yau bakin layi, gobe shagon littattafai, har ƙofar makaranta, inda yakan ce ragowar tafiyar ta yaro ce. Shugabannin makarantu sun sha gayyatarsa ciki, yana cewa ƙa'idar aiki ta hana.

Aure da Iyali

A 1984 ya auri wata malamar jinya, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, kuma duk taron iyaye a makarantar yaran ita take zuwa, shi kullum uzuri. A 2008 'yarsu Auta ta ƙi makaranta ana dab da jarrabawar fita. Abokan aiki suka zuba ido, domin in ta rasa jarrabawar, sunansa ya zube a gidansa. Ya bi da ita sannu a hankali har ƙofa, ya ja ya tsaya yadda ya saba, ita ma ta tsaya.

Ta ce, "Baba, ai ƙafata ƙafarka. In ka shiga na shiga."

Marigayi ya yi bismilla ya ƙetara, nan take ya dafe ciki ya durƙusa. Ita ta tallabe shi zuwa ɗakin shan magani, da ta ga ta riga ta shigo, sai ta wuce aji. Ta ci jarrabawar.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2011, Allah Ya yi masa rasuwa a 2019 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a makabartar bayan tasha. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban injiniya ne, mai bi masa akanta ce, na uku matuƙin jirgi, sai Auta, shugabar wata makarantar sakandare.

Ita da mahaifiyarta suka tabbatar mini cewa bai taɓa fita ƙasar waje ba. A 1966 malamin lissafi ya tsayar da shi gaban allo, aji ya yi masa dariya saboda in'ina. Tun daga ranar yake tsoron makaranta.