Golanmu Mutumin Ruma

Ƙungiyarmu ta ƙwallo a Batsari ba ta samari ba ce. Malaman makaranta ne da ma'aikatan sakatariya da wani mai shagon magani, duk masu iyali, wasunmu har da furfura. Da damina ba mai taɓa ƙwallo, kowa na gona. Sai an kai amfani gida muke nome filin firamare, mu sake kafa sandunan raga, mu fara atisayen gasar manya. Wasanmu na farko da mutanen Safana ne, kuma ba abin da na tsana kamar su ci mu, don surukaina a can suke, ba kuma sa mantuwa.

Mutum ɗaya ne a cikinmu ba ɗan gari ba, wato golanmu. Manomi ne daga wani ƙauye a yankin Ruma, dogo, tafin hannunsa kamar faifai. Na san shi tun ina koyarwa a ƙauyensu, ni na lallashe shi ya shigo mana. Shi ya sa duk ranar da ya hau babur ya nufi gida, sai in ji kamar ni na ɗora shi a kan hanyar nan da ta bi ta bakin daji.

Saboda shi muka yi wa kanmu doka. Da inuwar darbejiyar makaranta ta taɓa sandar raga, sai in ɗaga hannu, wasa ya tsaya, shi kuma ya kama hanya da sauran rana. Mu kuma ba mai tafiya. Mu zauna a gindin bishiyar muna cire takalma, wayata a kan cinya, har sai ya isa ya yi mini filashin. Ƙara ɗaya take yi, ba na ɗauka. In ce, "Ya isa," kowa ya kakkaɓe wando.

Mai buga mana gaba, wani akawu da tumbinsa ke riga shi isa raga, shi ne sarkin mita.

"Haba Kyaftin! Yanzu fa jini ya fara gudu. Da wannan rabin atisayen za mu tari Safana?"

"Kai da ke haki tun a zagayen farko?" in ce masa. A yi dariya, amma gobe ma sai ya sake.

Sai ga shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Ranar farko gola ya tafi, muka zauna a gindin darbejiya yadda muka saba, ina riƙe da wayar da ba ta da maraba da dutse. Aka rasa mai cewa a tashi. Daga nan ba mu da hanyar sanin ya isa sai in ya dawo atisaye na gaba. Kwanakin da ke tsakani kuwa, ni na san yadda nake yin su. Ina cikin aji hankalina na tasha. In na ga ɗan acaɓa ya fito daga wajen Ruma, sai na tare shi na tambayi lafiyar hanya. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Na ja gola gefe na ce ya haƙura da gasar bana, mu sa mai shagon magani a raga ko da za a yi mana ruwan ƙwallaye.

Ya ce, "Malam, in na zauna gida mi zan ji ban da zancen ɓarayi? Nan kaɗai nika mancewa. Ka bar ni."

Na bar shi.

Ana gab da wasan Safana, ranar atisaye ta zo, gola bai zo ba. A kasuwa ana cewa an shiga ƙauyukan wajen Ruma, amma kowa da sunan ƙauyen da yake faɗa. Muka sa riguna muka tsaya cirko-cirko. Duk babur ɗin da ya wuce sai mun juya gaba ɗaya. Ko akawu bai nemi a buga ba.

A atisaye na gaba muka ji ƙarar babur ɗinsa, mai tari kamar tsoho. Ya shigo fili da tabarmi ɗaure a baya, da tukwane, da 'yar akuya a gabansa. Muka yi kansa. Ya ce kowa na da rai, iyali sun riga shi isowa a bayan a-kori-kura, suna gidan wansa a bayan tasha.

Na ce, "Shanun fa?"

"Sun kora."

"Geron?"

"Sun sa wa rumbun wuta."

Muka yi ta salati. Shi kuwa ya ɗaure akuyar a gindin darbejiya, ya zaro safar hannunsa daga cikin wata tukunya, ya tafi ya tsaya a raga. Ba yadda muka iya, muka fara wasa. Ranar ko ƙwallo ɗaya ba ta wuce shi ba.

Da inuwa ta taɓa sanda, hannuna ya ɗaga da kansa. Kowa ya tsaya. Sai gola ya ɗaga murya daga raga.

"A ci gaba, Malam. Yau ba ni da inda za ni."

Ƙwallon na ƙafar akawu. Ga cikakken atisayen da ya daɗe yana nema, ga rana da saura, ba mai hana shi. Ya dubi ƙwallon, ya dubi gola, sai ya durƙusa a tsakiyar fili ya rufe fuska da rigarsa.