Malam Yahuza, Mai Zuwa Ranar Talata

Duk ranar Talata, da an sallame sallar asuba, Malam Yahuza ba ya tsayawa gaishe-gaishen ƙofar masallaci. Gida yake komawa ya kurɓi koko, ya zura wata tsohuwar riga wadda ko ɗan ƙwadago sai ya yi shawara kafin ya sa ta. Magungunan masu tarin fuka kuwa a tsakiyar buhun dusa yake cusa su, ya ɗaure a bayan babur. Ba don ƙazanta ba ne. Mutanen daji na neman ma'aikacin lafiya ido rufe don ya yi musu jinyar masu rauni, kuma wanda suka ɗauka ba a san ranar dawowarsa ba. Matarsa Hajiya Mairo takan tsaya a zaure har ƙarar babur ta ɓace, ranar kuwa ba ta iya cin abincin rana.

Shekara talatin da biyar ya yi yana aiki, daga Sabuwa zuwa Faskari, ya ƙare a wani ƙaramin asibiti a Ƙanƙara, a watan nan kuma ya yi ritaya. Kada mai karatu ya zaci wani jarumi ne. Malam Yahuza matsoraci ne na buga misali, shi da bakinsa yake faɗa. Kare ya yi haushi a bayan gari, sai ya sauya hanya. Mutumin da ya yi wa dubban mutane allura, in aka zo yi masa sai an riƙe shi.

Wannan tsoron ne ya zaunar da shi gida mako biyar, shekara shida da suka wuce, lokacin da hanyar ƙauyukan bayan Mabai ta fara lalacewa. Akwai wani magidanci a Unguwar Ɗanhausa mai suna Harisu, yana wata na uku da fara magani. Maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi, in aka yanke sai ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Kafin Malam ya yi ta maza ya koma, ciwon ya kayar da Harisu, bai kuma tashi ba. Ba wanda ya zarge shi. Shi ne dai ya kasa yafe wa kansa.

Ranar ɗaya ga watan Janairun da ya biyo baya, sa'ad da ire-irenmu ke alkawarin barin sukari da rage tumbi, alkawarin da ba ya ganin ƙarshen wata, Malam ya yanko igiya ya rataye a ƙusar ɗakinsa. Ya gaya wa Hajiya Mairo cewa daga yau ba mai shan magani a hannunsa da zai sake yankewa, kuma duk Talatar da ya je ya dawo zai yi ƙulli ɗaya. Bai ce zai daina tsoro ba, don ya san ba zai iya ba. Talata ɗaya kawai yake ɗaukar wa kansa, in ta wuce ya fuskanci ta gaba. Kowane marar lafiya ma sai ya ba shi tasa igiyar, ƙulli ashirin da shida ka warke.

A ƙauyukan nan ƙarar babur ba abin wasa ba ce. Da an ji ta, mata sukan suri yara a faɗa gona, ba mai tsayawa ganin ko wane ne. Don haka Malam ya ɗaura wa babur ɗinsa ƙararrawar keke. In ya iso wata tsamiya da ke nesa da gari sai ya kashe inji, ya sauka ya tura, yana kaɗa ƙararrawar har ya shiga. Mutanen Unguwar Ɗanhausa sun shaida cewa shekara da shekaru haka yake yi, ko ana ruwa.

Sau ɗaya ya saɓa, a daminar bara. Dawa ta yi tsawo ta rufe hanya, lokacin da ba ka ganin mutum sai kun yi kiciɓis. Ranar Litinin an tare wasu 'yan kasuwa a hanyar. Washegari Talata Hajiya Mairo ta ɓoye makullin babur a tukunyar daddawa, ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah. Ya ce mata akwai Inna Laraba, wata tsohuwa Bamaguza, saura mata mako uku, kuma ƙwayarta ta ƙarshe yau da safe za ta haɗiye. Ta ɗauko makullin ta ajiye masa a ƙasa, ta shige ɗaki.

Yana isowa tsamiyar da hantsi sai ya ga sawun babura birjik a kan laka, sababbi, sun ratsa cikin dawa. Daga can ciki kuma ya ji kamar maganar mutane. Hannunsa ya kai kan makulli ya kasa murɗawa. Bai san sa'ad da ya take giya ya sheƙa cikin gari da gudu ba.

Ya tarar da gari wayam. Tukwane na tafasa a kan murhu, turmi da taɓarya a yashe, takalmin wani jariri a tsakiyar hanya. Shi ya kori mutanen garin da ƙarar babur, kuma cikin dawar da yake gudu suka faɗa. Mutum ɗaya ce ta rage. Inna Laraba na zaune a ƙofar gidanta, igiyarta a cinya.

Ya tambaye ta me ya hana ta gudu.

"Aradu na ji tsoro, likita," in ji ta. "Amma na ce yau Talata ta, kuma hantsi ne. Ba mai zuwa wanga lokaci sai kai."

Malam ya zube a ƙasa. Ya daɗe yana kaɗa ƙararrawa kafin mutane su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, da ƙaya a ƙafa, Allah ya kiyaye ba wanda ya ɓata. Ya bi su gida-gida yana ba da haƙuri. Sannan ya gaya wa tsohuwar gaskiya, cewa yana jin ƙarfinsa ya ƙare, ba lallai ya sake zuwa ba. Ba ta roƙe shi ba. Ta miƙa masa igiyar ya yi ƙullin ranar, ta nuna masa ɗan guntun da ya rage a ƙasa.

Talatar da ta biyo baya, a tsamiya ya kashe inji. Ya ce bai taɓa tafiya mai tsawon wannan ba, bayansa na masa sanyi kamar ana auna shi da bindiga, amma da ƙafa ya shiga.

Kai ne, Malam, ka nuna mana cewa cika alkawari ba ya jiran sai zuciya ta daina bugawa. Kai ne mai tura babur, mai warin dusa, wanda tsofaffi ke gane rana da zuwansa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya saka wa Hajiya Mairo da ta yi shekara shida tana tsayuwar zaure.

Ranar walimar ritaya Inna Laraba ta zo Ƙanƙara da ƙafarta, ba tari, ta ɗora masa igiyarta a hannu da ƙulli ashirin da shida cif. Aka yi addu'a aka watse, ba wanda ya ɗago maganar da ke ran kowa. Har yanzu akwai mutum huɗu a bayan Mabai da igiyoyinsu ba su cika ba. Ku ma'aikatan da ya bari, da mu masu alkawarin sukari, ba a ce kowa ya ɗauki shekara shida ba, Talata ɗaya ake nema. A taimaka a karɓe shi, domin Talatar da ta wuce maƙwabta sun sake ganin Hajiya Mairo tsaye a zaure, babur kuma ba ya gida.