Tasar Yakaka Mai Banda

In ka ga masunta a kasuwar Nguru sun tsuguna gaban tasar ruwa suna gwada tabarau ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi dariya. Wannan aikin Yakaka ne, Allah ya jiƙanta, kuma waɗanda suka fara yi mata dariyar duk sun zo sun tsuguna daga baya.

'Yar Gashua ce, a bakin kogi aka yanke mata cibiya. Uwarta mai bandar kifi ce, kakarta ma haka, don haka tun tana tatata take ƙanshin hayaƙi da tarwaɗa. Gajeriya ce, kuma ba mai ce mata kyakkyawa sai mai neman ragi. Amma baki kam Allah ya ba ta. In ka yi ciniki da ita sai ka koma gida kana shafa kai, ka ji ko hularka tana nan. Aure ne ya kawo ta Nguru, gidan Ajimi mai birgi, wato komar nan da ake wurgawa ta buɗe a sama kamar faifai.

Su biyu ne a jirgi, Ajimi da ƙanensa Kyari. Kyari a baya yana tuƙi, Ajimi a goshin jirgi yana tsaye. Goshin jirgi kuwa na mai ido ne. Shi zai hango inda karfasa suka taru, shi zai ga kututturen da ke kwance ƙarƙashin ruwa kafin ya yaga koma. Tun yana saurayi Ajimi yake tsaye a wurin nan, da shi ya ci, da shi ya aurar da 'yarsa Fanne, da shi ake gaishe shi a gari.

To, a shekarun da ciyawar kacala ta fara cinye hanyoyin ruwa, kifi ya koma wuyar gani, a lokacin ne idon Ajimi ya fara gajiya. Ƙyallin rana a kan ruwa ba ya barin kowa, a hankali yake ci. Sai ya dawo gida idanu jajur kamar gauta, hawaye na bin kunci, ya ce hayaƙin bandarta ne. Hayaƙin da ya shekara ashirin yana shaƙa! Yakaka ta sa masa kwalli, ta wanke masa da ruwan sanyi. Namiji in yana ɓoye ciwo, ka bar shi ya gaji da ɓoyon.

Ranar da ta ji abin da ya tayar mata da hankali, tana bayan dangar gida tana juya kifi. Kyari ne yake magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, yau sau biyu kana jefawa a kan kututture. In rani ya shigo ka koma baya ka huta, ni na tsaya gaba."

Ita kuwa ta san mijinta. In aka mayar da shi bayan jirgi, ba zai yi wata guda ba zai bar ruwan gaba ɗaya, ya zauna gindin bishiyar maina yana jiran mutuwa.

Ran kasuwa ta ajiye kwandonta wajen maƙwabciya, ta nufi Mudi mai tabarau, wani jikan Kanawa da ke baza faranti kusa da tashar mota. Ta duba ta duba, ta zaɓi wanda ya fi kowanne baƙi, mai madubi a gaba, yana walƙiya shuɗi-shuɗi. A tunaninta tabarau kamar kwalli ne, wanda ya fi baƙi shi ya fi magani.

Da ƙyar da siɗin goshi ta sa Ajimi ya ɗaura. Bai kai azahar ba ya dawo, ya jefa mata shi a cinya.

"Kin sai mini dare na ɗaura a fuska. Ƙyallin yana nan, kifin ne ya ɓace. Ga 'yan bakin ruwa suna sara mini suna cewa ranka ya daɗe, soja. Wani ma ya tsaya yana duba haƙoransa a idona."

Wata macen da nan ta tsaya. Yakaka ta kwana tana juya maganar nan, ƙyallin yana nan. Ashe ba duhu ake nema ba.

Kasuwa ta zagayo. Da hantsi ta isa gaban Mudi ɗauke da tasar wankin kifinta cike da ruwan tafki, da 'yar karfasa mai rai a ciki. Ta dire ta a rana.

"Sannu da zuwa, Iya. Yau kuma sadaka aka kawo mini?"

"Sadakar gidanku. Kai ɗan nan, a cikin tarkacen nan wanne ne yake kashe ƙyallin ruwa?"

"Wallahi Iya duk masu kyau ne. Direbobi ma..."

"Mijina direba ne? Ka taɓa shiga jirgi?"

"Na ƙasa dai, zuwa Kano."

"To matsa. Mai kaya bai san kayansa ba, sai baki kamar reza."

Ta ja da baya kaɗan ta tsuguna, daidai inda hasken rana ke dukan ruwan ya tashi ya soki ido, har ba a ganin kifin. Ta ɗauki na farko ta ɗaura. Kai jama'a! Mace da jika, da ɗankwali da tsagar fuska, ta ɗaura baƙin gilashi a tsakiyar kasuwa. Kafin ka ce kwabo an yi da'ira. 'Yan kamasho suna ihu wai Yakaka ta sayi tirela. Masu goro suka ce a'a, waƙa za ta fara. Ita ko a jikinta. Ta ɗaura ta cire, ta ɗaura ta cire. Kore, baƙi, shuɗi, mai bakin zinariya, duk kanwar ja ce. Ruwan yakan yi duhu, ƙyallin yana zaune daram.

Da faranti ya ƙare ta hango wata leda a ƙarƙashin teburin.

"Wancan fa?"

"Na gwanjo ne, Iya, daga aljihun tsofaffin riguna ake tsinto su. Ba sa shiga kasuwa."

A ciki ta ciro wani mummuna, ruwan shayi, hannunsa ɗaya a karye. Ta ɗaura shi. Ruwan ya buɗe kamar an ɗage murfin tukunya. Ga kifin nan yana motsa baki, ga yashin da ya kwanta a gindin tasa, ga ma tsagar da aka like da dalma. Ta karkata kai gefe, ƙyallin ya dawo. Ta miƙe kai, ya tafi. Ta miƙa wa Mudi. Ya duba, ya cire, ya sake dubawa, ya ce, "La'ilaha illallahu!" Masu dariya suka fara cewa a ba su su gani.

A gida ta ɗaure hannun da zaren koma, ta ajiye wa Ajimi kusa da akushi. Ya kalle shi a wulaƙance.

"Wancan ya mai da ni soja, wannan kuma makaho. In na haɗu da dattijo fa? Na gaishe shi ido a rufe kamar mara kunya?"

"Malam, dattijai a cikin ruwa suke? Ka sa shi a hula, in kun wuce kacala ka ɗaura. Gara a ce maka makaho kana gani, da a ce maka mai ido kana jefa birgi a kan itace."

Maganar ta soke shi, don bai san ta ji ba. Ya gama tuwonsa ya tashi. Da safe ta duba inda ta ajiye, babu.

Da la'asar Kyari ne ya fara shigowa, kwando a ka, yana haki. Ya ce Yaya ya yi ta nuna masa kifi a inda shi ba ya ganin komai sai haske, har ya fara tsoro. Ajimi ya biyo baya, idonsa fari, ba hawaye. Bai ce an gode ba. Ya dai zaɓi tarwaɗar da ta fi kowacce, ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, a dafa. Rani ya shigo ya wuce, ba wanda ya sake ta da maganar bayan jirgi.

Mudi ba wawa ba ne. Ya roƙi tasar, ta ba shi bayan ta zage shi son ranta. Ya riƙa sa ana tsinto masa irin waɗannan daga Kano, kowanne sai ya ci jarrabawar tasa kafin ya hau faranti. A hankali masunta suka gane sauran da kansu. Ruwan shayi ya fi a ruwa mai laka da lungunan kacala. Masu fita tsakiyar tafki da rana tsaka sun fi son ruwan toka, in da madubi a gaba ma ya fi sanyaya ido, muddin tasa ta yarda da shi. Akwai ruwan ɗorawa na masu sammako. Har daga Gashua 'yan'uwanta suke aiko a gwada musu. Shi kuwa baƙin nan na farko, ta rataye shi a rumfarta, mata masu sayen kifi suna gyara ɗauri a ciki.

Ta rayu har zamanin wayar hannu, ta ƙi riƙe ko ɗaya, wai bakinta yana kaiwa inda take so. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta bayan wata kaka.

Ranar zaman makoki masunta suka yi ta zuwa, kowa ya cire tabarau ya sa a aljihu tun daga bakin layi, don ba a yin ta'aziyya ido a rufe. Sai ga shi kusan kowannensu da ɗan sawu a karan hanci. Ajimi yana zaune kan tabarma, furfura ta gama kansa, har lokacin bai bar goshin jirgi ba. Tun mutum yana can nesa wajen masallaci Ajimi yake kiran sunansa da na ubansa, bai kuskure ko ɗaya ba. Mudi ya zo ya durƙusa ya yi addu'a, ya ce ko a dawo da tasar gida.

Ajimi ya ce, "Bar ta inda take. Akwai masu zuwa."