Malam Lawal da Faten da Na Kai Masa a Buhu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke tukunya aka bugo mini waya, wai Malam Lawal ya cika. Na daɗe a wurin, hannuna duk kumfa.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon malamin firamare ne a nan Daura. Da ya yi ritaya sai ya kafa rumfa a gefen gidansa yana koya wa manya karatu da rubutu, kyauta. Mata da hantsi wajen matarsa Malama Binta, maza bayan la'asar wajensa.

Ni Iro ne, dillalin shanu. Wannan rubutun da kuke karantawa a rumfar nan na koye shi, da furfurata a gemu. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, nawa ne, ba na Malam ba.

Abin da ya kai ni wurinsa shi ne rashin lafiyar mai ɗakina, Hajara. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, 'ya'yanmu mata biyu kuma suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Mashi ɗaya a Kano. Daga ni sai ita a gida. Ana ba mu magunguna a asibiti, kowanne da rubutu a jikinsa, ni kuwa sai dai in riƙe kalar kwali a kai. Ranar da aka canza kwalin wani magani na rikice gaba ɗaya, na tsorata, na ce wannan zaman ba zai yiwu ba.

Ranar farko sai da na yi ta kewaya rumfar a kan mashin, na kasa tsayawa. Ina tunanin wa zai gan ni. Malam ya fito ya tsaya a bakin hanya ya ce, “Malam Iro, gaishe ni ka zo yi ko? To shigo ka sha inuwa.”

Bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye fensir da takarda a kan benci kusa da ni, ya ci gaba da darasinsa.

Bai taɓa yi mana gyara da jan biro ba. Yakan ce jan biro na yara ne. Da fensir yake ɗan ɗiga alama, ya raɗa maka a kunne.

Akwai abin da ko shi bai sani ba a lokacin. Tun da Hajara ta kwanta, ni nake girki a gidana. Ina rufe ƙofa in hura wuta, in tuƙa tuwo, in kaɗa miya, tana daga kan tabarma tana nuna mini da hannunta mai lafiya. Maƙwabta suna zaton daga gidan ƙanwata ake kawo mana abinci, ni kuma na bar su a haka. Kun san garinmu, kun kuma san bakin 'yan kara, wato mutanen kasuwar shanu.

Wata damina iska ta yaye kwanon rumfar, benci suka sha ruwa har suka fara ruɓewa. Malam ya ƙi yarda a je roƙo gidajen masu hali. Malama Binta ce ta kawo shawarar a yi littafin girki: kowace ɗaliba ta rubuta abinci ɗaya da hannunta, a buga, a sayar, a gyara aji da abin da aka samu. Mu maza muka ce wannan aikin mata ne, namu sayarwa kawai.

Sai Malam ya fara kawo mana shafukan matan muna gwada karatu da su. Rannan layi ya zo kaina, aka ba ni na miyar kuka. Ina haɗa baƙi a hankali har na kai inda aka rubuta, a juye kuka a tukunya. Ban san sa'ad da bakina ya kuɓuce ba, na ce a'a, ba juyewa ake yi ba, barbaɗawa ake yi ana burgawa, in ba haka ba sai ta yi gudaji.

Kowa ya juyo yana kallona.

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam dai bai yi dariya ba, ya ce gyara ya yi kyau, za a sanar da mai shafin, na gaba ya karanta.

Da aka tashi ya tsayar da ni ya tambayi jikin Hajara. Daga nan ya tambayi abin da take iya ci. Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya: faten tsaki da kabewa, a dafa ya yi laushi sosai, a murje kabewar, a yanka alayyahu ƙanana, gishiri kaɗan kamar yadda likita ya ce. Shi kaɗai ke wuce mata ba ta ƙware ba, kuma sai da na ɓata tukunya da yawa kafin na gane shi.

Ya ce, “Littafin nan cike yake da abincin masu lafiya. Babu shafi ko ɗaya na wanda ke kwance. Ka rubuta mana.”

Na ce in dai dole ne a sa sunan Hajara. Ya ce ba zai sa sunan wanda bai rubuta ba, amma ba zai tilasta mini ba, shafin nawa ne, in na ce a bari an bari. Na yi kwanaki ina juya maganar. Daga ƙarshe na rubuta, na sa Iro kawai a ƙasa, ina cewa a raina ai Iro ba ɗaya ba ne a Daura.

Littafi ya fito, ya kuma karɓu. Mata suna kai shi gidajen suna da na biki, malaman makaranta suna saye, har wani direba ya riƙa ɗaukar mana zuwa garin Babban Mutum. Aka yi sabon rufi, aka kawo benci.

Ni kuwa ko mako ba a yi ba asirina ya tonu a kara.

Suka sa mini suna Uwargida. In na iso sai a ce a ba Uwargida wuri ta zauna. Ana tsakiyar ciniki wani zai leƙo ya ce yau me aka ɗora mana? Har wani mai saye ya taɓa cewa a kira masa namiji su yi magana. Mutumin da ya yi shekaru ana jin maganarsa a kan farashin shanu, na koma ina shiga kara ta baya, hula a kan gira.

Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Sale, abokin dillancina tun muna samari.

Rannan na dawo gida raina a ɓace, na yi jifa da littafin a kan gado. Hajara tana kallona. Maganarta ba ta fita sosai, amma wannan na ji ta sarai.

“Girkin kake jin kunya, ko ni?”

Fita na yi na hura wuta.

Ban kai ƙara wajen Malam ba, amma labari ya je masa. Ranar kasuwa sai ga shi a kara da 'yar jakarsa cike da littattafai, tsoho da sanda, yana ratsa tsakanin shanu. Ya zauna a bencinmu aka gaisa. Na ɗauka wa'azi zai yi musu, na kuma san in ya tafi ni zan sha.

Bai yi wa'azi ba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, “A cikinku wa ke da marar lafiya a gida?”

Kowa ya kau da kai. Amma kafin ya tashi jakar ta yi sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki Sale ya yi sallama a ƙofar gidana, littafin a naɗe cikin aljihun rigarsa. Ashe mahaifiyarsa ta daɗe a kwance, abinci ba ya wuce mata. Ya sayi littafin amma ba ya iya karantawa, kuma ba ya so iyalinsa su san daga ina ya samo. Muka zauna a zaure na karanta masa shafin layi-layi. Shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon takarda. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Sunan Uwargida dai bai mutu ba, amma daga bakinsa ban ƙara jin sa ba.

Ganina na ƙarshe da Malam makon da ya wuce ne. Jiki ya yi tsanani, ya daina cin abinci. Malama Binta ta aiko cewa ta yi masa faten daga littafi, ya ce shi na hannun mai shafin yake so.

Na dafa, na zuba a kula. Da zan fita sai na tsaya a zaure. Na ɗauko buhun dusa na cusa kular a ciki, na ɗaure a bayan mashin, don kada a gan ni a titi da kwanon abinci.

Na same shi a jingine da filo, ya rame ƙwarai. Yana kallona ina kwance bakin buhu, ya ce, “Malam Iro, dusa ka kawo mini? Har na zama sa ke nan?”

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ci 'yan cokula, Malama ta ce rabonsa da cin haka an kwana biyu. Ya tambayi Hajara, ya tambayi ko Sale ya fara zuwa aji, na ce yana dai kewaya rumfar. Ya ce a bar shi, zai tsaya.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, “Karatu ka iya, rubutu ka iya. Amma satifiket ɗinka yana wurina sai ranar da ka kawo mini abincin nan a hannu.”

Na ce in sha Allah zuwa na gaba.

Ɗazu muka dawo daga maƙabarta. Ɗalibai mata sun ce su za su ɗauki abincin masu zuwa ta'aziyya, maza su kawo itace da ruwa. Na aika wa Malama Binta cewa a ware mini tukunya ɗaya, kuma a kafa murhuna a waje, a ƙofar gida. Ba zan ce muku kunyar ta tafi ba. Ina rubuta wannan ma na san 'yan kara za su gani. Amma duk wanda ya zo gaisuwa gobe, a nan zai same ni da ludayi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Lawal. Ka rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa manya da yawa a garin nan. Ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ka ba Malama Binta da iyalinsa haƙurin rashinsa.

Don Allah wanda ya karanta ya tsaya ya yi masa addu'a, ko ba ka san shi ba. In akwai saura a bakinka, ka sa da Hajara.