Karan Awo da Ƙafar Inna

Yayana takalmin roba yake sayarwa, kuma tun ina firamare na san shi da wannan sana'a. Rumfarsa tana kasuwar Sabon Birni, ranar kasuwar Isa kuma can yake yini, wani lokaci ya ɗaure buhu biyu a bayan babur ya haura Nijar. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya tsaya mini har na zama malamin makaranta. Saboda haka ko yanzu da furfura ta fara leƙo mini, in ya ce zauna sai in zauna, sannan in yi gardamata a zaune.

A wajenmu mata da yawa ba sa zuwa kasuwa sayen takalmi da kansu. Maigida ne zai sa mai ɗakinsa ta taka ƙasa, ya karyo karan dawa daidai tsawon ƙafarta, daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya jefa a aljihu. Ranar kasuwa sai ka ga mutumin ƙauyen Turba ya zaro kara huɗu ko biyar, wannan na mai ɗaki, wannan na tsohuwa, waɗannan na yara. Yaya zai karɓa ya zura cikin takalmi, in ya kwanta daidai an gama ciniki. Yana ji da wannan awo ƙwarai. Lambar da ake bugawa a ƙasan takalmi kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba, don ya ce arba'in ɗin wannan kamfani talatin da tara ne a wancan. A nan yana da gaskiya. Yaya mutum ne mai yawan yin gaskiya, shi ya sa gardama da shi take da wuya.

Wata shekara bayan girbi ya ce ya gaji da dillalan Kano, shi ma zai sa a yi masa takalmi kai tsaye daga Caina, da tambarinsa a jiki. Wani abokin fataucinsa na Maraɗi ne ya cusa masa wannan tunani, ya kuma ba shi lambobin kamfani biyu. Sai dai kamfani ba ya kunna inji saboda buhu goma. Abin da suke nema ya fi ƙarfin rumfar Yaya, kuma abu ɗaya muke da shi da zai kai: gonar fadamar mahaifinmu da ke gefen Turba.

Wannan gona Inna, mahaifiyarmu, ta san ta fiye da kowa a cikinmu. Tana amarya ta fara kai abinci can, daga baya ita ce mai dashe, ita ce mai korar tsuntsu. Ƙafa ta hana ta zuwa a 'yan shekarun nan, amma buhun shinkafar farko har lokacin ɗakinta ake sauke shi. Mu ƙannen Yaya duk mun amince a sayar, don babu mai idon da zai ce masa a'a bayan abin da ya yi mana. Da aka gaya wa Inna ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tsince wakenta. Na san ba ta so. Ni ma ban so ba, amma na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun. Mai gonar da ke maƙwabtaka da tamu ya ce yana so, zai jira duk ranar da Yaya ya shirya.

Ni aka ɗora wa rubuta saƙo, tunda ni ne mai Turanci a gidan. Kamfanin farko hotuna suka yi ta turowa, takalma suna sheƙi kamar an shafe su da man gyaɗa, Yaya ya kamu nan take. Na ce su kira mu ta bidiyo su nuna mana injinan da ke aiki. Yau a ce manaja ba ya nan, gobe a ce ana gyara. Ranar da suka kira, ɗaki ɗaya muka gani da tebur da kanta, kuma suka ce a tura kuɗin somin aiki a asusun wani mutum, ba na kamfani ba. Na ce wa Yaya waɗannan dillalai ne irin na Kano, nisa kawai suka fi su. Kwana uku yana amsa gaisuwata a daƙile, don ya riga ya ƙwallafa rai a kan hotunan.

A kamfani na biyun wata mata ce ke magana da mu. Ita ta ɗauki waya ta zaga da mu cikin masana'antar, ƙarar inji har ba ma jin abin da take faɗa, muka ga roba tana shiga ta nan takalmi yana fitowa ta can. Hankalina ya kwanta. Sai ta tambayi lambobin da muke so, daga nawa zuwa nawa. Na fassara wa Yaya.

Ya ce, "Lamba na ƙarya, kara ba shi yi. Hwaɗa mata za ni aiko da awo na gaskiya."

Na ɗauka wasa yake yi. Washegari ya zo da kara goma sha biyu, ya zaɓo su daga cikin waɗanda masu saye suke bari a rumfa, daga na yaro mai tatata har na ƙaton manomi. Ya naɗe su a leda, ya ba wani ɗan kasuwa da zai tashi daga Kano. Na yi ta tsokanarsa cewa karan dawar Gobir ya riga mu hawa jirgi. Bayan mako biyu matar ta turo hoto: ga karan nan an jera su a kan farin tebur, kowanne da ma'auni a gefensa, wani mai safar hannu yana riƙe da ɗaya. Babu wanda Yaya bai nuna wa hoton nan ba a kasuwa.

Daga nan ya so a wuce kai tsaye, a sayar da gona a tura kuɗi, kaya su iso kafin salla. Nan ne na yi gardamar da na fi alfahari da ita a rayuwata. Na ce sai an turo samfuri mun riƙe da hannunmu. Ya ce kuɗin jirgin takalmi shida ya isa ya sayi buhu guda a Kano. Na ce gara a rasa buhu guda da a rasa fadama. Ya harare ni, amma ya biya.

Mako bakwai muka jira. Da samfurin ya iso, Yaya bai yi masa da wasa ba, wannan kam ba zan rage masa ba. Ya ɗora takalmi ƙafa ɗaya a kan kwanon rumfa tun hantsi har la'asar a zafin bazara, bai narke ba. Ya jiƙa wani a bokiti kwana biyu, launi bai fita ba. Ya lanƙwasa, ya murɗa, ya ja maɗauri da ƙarfinsa duka. Sannan ya zaro kara ya zura a kowanne, duk suka kwanta daidai, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Ya dube ni irin kallon nan na ai na gaya maka. A ranar ya aika wa mai sayen gona cewa ya zo da shaidunsa Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci.

Da la'asar muka je ya nuna wa Inna don ta sa albarka. Yaya ɗan farinta ne, kuma Inna ta mutanen da ce: ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, in tana da magana da shi sai ta bi ta kan wanda ke kusa, ko da shi yana zaune a gabanta. Tun muna yara haka muka gani, babu wanda ya taɓa ɗaukar abin wani abu. Ta juya takalman a hannu, ta yaba launi, sannan ta ce da ni in tambayi wancan ko akwai na awonta. Yaya ya yi murmushi, don awon ƙafar Inna a kansa yake. Ya zaɓo ɗaya ya miƙo mini, na ajiye mata.

Ta zura ƙafa. Yatsu suka shiga, faɗin ƙafar ya tsaya a baki. Ta tura da ƙarfi har ta shiga, tsawo daidai, amma gefe da gefe naman ƙafar ya bultso ta saman roba, ƙaramin yatsa ya hau kan ɗan'uwansa. Yaya ya ce sabuwar roba ce, za ta saki. Ya ce wataƙila ƙafar ce ta ɗan kumbura saboda zama.

Inna ta ce in jawo mata babbar kwallar da ke ƙarƙashin gado. Na jawo, na buɗe. Takalma ne cike, ja da baƙi da shuɗi, wasu yayinsu ya wuce tun ina saurayi, kuma ƙasan kowanne fes, bai taɓa taka ƙasa da kirki ba. Ashe takalman salla ne da Yaya yake kawo mata duk shekara.

Ta dubi bango ta ce da ni, "Hwaɗa ma wancan, ko ɗaya bai taɓa yi min ba. Ina sa su ranar da yak kawo, in ya hita in tuɓe. Kara tsawo ɗai ya sani. Ƙahwad da tat tashi cikin rairayi hwaɗi gare ta."

Na buɗe baki in maimaita kamar yadda aka saba, na ga babu amfani, ya ji. Yaya ya ɗauki ɗaya daga cikin kwallar yana juyawa. Ya tambaye ni, ni da ban san komai ba, me ya hana a faɗa masa tun tuni. Inna ta ce in gaya masa kyautar ɗa ba a kushe ta, kuma da takalmi ne kawai da ta mutu ba ta faɗa ba. Daga nan ba ta ƙara ba, kalmar gona ma ba ta fito daga bakinta ba. Tausayinsu su biyun ya kama ni har na rasa wanda zan kalla.

Ranar kasuwar Isa ta faɗo kafin Juma'ar. Yaya ya tafi da samfurin, ni ma na nemi izini a makaranta na bi shi. Duk wanda ya tsaya a rumfa sai ya roƙe shi ya gwada. Manoma, makiyaya, masu jakai, mata masu fura. Wanda ya tashi a gari cikin takalmi ya shige shi lafiya. Na ƙauye kuwa, waɗanda su ne masu sayensa na gaskiya, kaɗan ne ƙafarsu ta zauna. Samfurin ma ya fi na Kano matsewa, don an yi shi ne a kan ƙafar mutanen can, an dai ja tsawonsa ya kai kara. Wani dattijo ya yi dariya ya ce ai shi kullum yana ƙara yatsa biyu a kan kara kafin ya karya, in ba haka ba a gida ba a sa takalmin. Wata mai fura ta ɗaga ƙafa ta nuna inda ta tsaga gefen nata da wuƙa mai zafi. Shekara da shekaru Yaya yana ganin irin wannan tsaga a ƙafafun mutane, yana cewa rashin tattali ne.

Da yamma muka kamo hanyar gida. Da muka sauka ya ce in rubuta wa matar kamfanin. Ta amsa cewa faɗaɗa takalmi sai an ƙera sabon mazubin da ake zuba roba a ciki, zai ɗauki watanni, salla kam ta wuce. Ta ce a zana ƙafafun mutane a takarda a turo, su sake samfuri, kuma in an yi gara a fara da kaɗan a gani. Abokinsa na Maraɗi da wani ɗan'uwansa suka ce za su shiga a raba kuɗin. Da aka raba uku, abin ya dawo daidai ƙarfin rumfa. Yaya da ƙafarsa ya je ya ba mai sayen gona haƙuri tun ranar Alhamis. Mutumin ya yi mita sosai, kuma yana da hakkin yi.

Sati guda Yaya yana durƙusawa a kasuwa da takardar buhun siminti da fensir, yana zana ƙafafun mutanen da a da ko kallon ƙasa ba ya yi in suna ciniki. Na mata ya ba mazajensu takarda su zano a gida. Ta Inna ya bari ƙarshe, ya ce kuma shi zai zana da hannunsa.

Da ta ga ya shimfiɗa takarda a gabanta sai ta janye ƙafa cikin zane, ta ce in karɓi fensirin. Yaya ya ƙi ba ni. Muka zauna haka, ita tana kallon ƙofa, shi yana durƙushe, ni a tsakiya kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Can ta miƙo ƙafar a hankali ta ɗora. Ban taɓa lura da ƙafar mahaifiyata ba sai ranar: faffaɗa, duk faso a dunduniya, kuma ta dunƙule yatsun wuri ɗaya kamar mai shirin shiga takalmin da ya matse ta. Yaya ya ɗora fensir, ya tsaya. Ya ce in ce mata ta saki ƙafar. Na faɗa, ba ta saki ba.

Ta ce da ni, "Tambaye shi, bana mi za a sa ga fadama?"

Wannan karon Yaya bai bi ta kaina ba. Kansa a sunkuye ya ce, "Shinkahwa, Inna. Kamar kullum."

Sai na ga yatsun sun buɗe ɗaya bayan ɗaya a kan takardar, har ƙaramin ya kusa fita gefe. Yaya ya gyara takardar, ya ja layinsa a hankali.